Yadda Ake Shirya Zanen Da'irar Lantarki Kafin a Gwada Shi a Kwamfuta

Ƙorafin masu koyon lantarki a kan manhajar gwaji bai wuce iri uku ba. Wani ya ce ya danna maɓallin farawa ta ƙi tashi, sai jan rubutu take zubo masa. Wani ya ce ta tashi, amma fitilar da ya sa ta ƙi kamawa. Na uku shi ne mai ban tausayi: a kwamfuta komai ya tafi daidai, ya sayi kaya ya liƙa da dalma, ya jona batir, ayisi ya ɗau zafi ya mutu. A Badaguishiri wannan asara ce biyu, domin ayisi ba abin da ake tsinta a kan kowane tebur ba ne. Sai an je Ƙonni ko Tawa, ko a ba da saƙo Sakkwato ko Kano, a zauna jiran mota.

A dukkan ukun, da wuya laifin ya zama na manhaja. Manhaja kamar tela take, awon da ka ba ta shi za ta ɗinka. Inda ka bar giɓi kuwa, wani lokaci takan tsaya ta yi ƙorafi, wani lokaci ta cike maka shi da nata zato ba tare da ta gaya maka ba, kuma wannan na biyun ya fi haɗari. Saboda haka shirya zane yana nufin kada ka bar mata komai da za ta yi zato a kansa.

Zan bi matakan da misali ɗaya da ya shafe mu. Wutar rana ta zauna da gindinta a yankin nan: tashar Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, kuma farantin sola ya shiga gidaje da garake, daga kwarin Badaguishiri har gonakin albasa na Galmi. Mai famfon sola da tanki yana da damuwa ɗaya: ko tanki ya cika ya yi ta ambaliya babu kowa kusa, ko ya ƙafe ba a sani ba. Za mu zana ƴar da'irar da za ta kunna famfo idan ruwa ya sauka ƙasa, ta kashe shi idan tanki ya cika.

Abin da za ka tanada

- Kwamfuta mai batir da ke riƙe caji. Idan wutar NIGELEC ta ɗauke kana tsakiyar zane, abin da ba ka adana ba ya tafi.
- Manhaja. Proteus na kamfanin Labcenter Electronics na Ingila shi ne ya fi yawa a hannun ɗalibai, kuma da shi zan yi yawancin bayani. Na kuɗi ne, kuma na ɗanɗano da suke bayarwa kyauta ba ya barin ka adana aikinka. Logisim-evolution kyauta ne, yana buƙatar Java, ya dace da koyon ƙofofin lissafi zalla. KiCad da LTspice su ma kyauta ne. Ka yi hattara da kwafin da ake yawo da shi a filashi, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa.
- Takardar bayanin kowane ayisi da za ka yi aiki da shi, wadda masana'antarsa ta fitar. Sauke ta a wayarka ranar da intanet ke da kyau.
- Littafi da biro.
- Multimita da allon gwaji, don abin da zai biyo bayan kwamfuta.

1. Rubuta aikin a takarda tukuna

Kada ka buɗe manhaja sai ka iya faɗin abin da da'irar za ta yi da bakinka. Muna da makunni mai iyo guda biyu a cikin tanki, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Na ƙasa yana rufewa idan ruwa ya sauka ƙasa da shi. Na sama yana rufewa idan ruwa ya kai shi. Yanayi huɗu ke nan. Na ƙasa kaɗai ya rufe: famfo ya tashi. Na sama kaɗai ya rufe: famfo ya tsaya. Dukansu a buɗe, wato ruwa yana tsakani: famfo ya ci gaba da abin da yake yi, in yana zuba ya ci gaba da zubawa, in yana tsaye ya zauna a tsaye. Dukansu a rufe: wannan ba ya faruwa sai ɗaya ya lalace ko ya maƙale.

Yanayi na uku shi ya sa muke buƙatar da'ira mai tuna abin da ya gabata. Da makunni ɗaya za a yi, duk sanda ruwa ya yi tangaɗi a bakin tanki famfo zai dinga tashi yana mutuwa, har ya gaji. Yanayi na huɗu kuma shi ne wanda masu koyo ke tsallakewa wai ai ba zai faru ba. Zai faru. Ka yanke shawara tun a takarda: idan makunnan biyu suka saɓa wa juna, famfo ya tsaya. Gara tanki ya rasa ruwa na yini ɗaya da famfo ya kwana yana malala a ƙasa.

Wannan jadawalin shi ne alƙalinka. Idan babu shi, duk abin da kwamfuta ta nuna za ka ɗauka daidai ne.

2. Zaɓi kayan da manhaja ta san halinsu, waɗanda kuma za ka samu a kasuwa

A cikin taskar Proteus, ba kowane abu mai hoto ne ake iya gwadawa ba. Idan ka zaɓi abu, dubi saman ƙaramar tagar da ke nuna hotonsa. In ka ga an rubuta No Simulator Model, to zane ne kawai don fitar da allo, babu lissafin halinsa a ciki. Ka sa shi ka danna farawa, gwaji ya tsaya da saƙon No model specified. Mahaɗan waya da soket galibi haka suke. Idan dole su kasance a zanen, buɗe bayanansu ka sa alama a Exclude from Simulation.

Sai batun dangi. Ayisin lissafi da za ka fi cin karo da su dangi uku ne, kuma ba su cin wuta iri ɗaya. Dangin 74LS bolt 5 suke so, daga 4.75 zuwa 5.25 kawai. Dangin 74HC suna aiki daga bolt 2 zuwa 6. Dangin 4000, waɗanda kamfanin RCA na Amurka ya fito da su a 1968, suna ɗaukar daga bolt 3 zuwa 15. Batirin sola da muke kira na bolt 12 yakan haura 14 idan yana shan caji da rana. Ka jona 74HC a kansa kai tsaye, ya mutu nan take, alhali a kwamfuta ba za ka ga ko hayaƙi ba. Don haka a wannan aiki mun ɗauki CD4093, mai ƙofofin NAND huɗu a ciki. Ƙafafunsa ɗaya suke da na CD4011, amma ya fi shi jure siginar da ke hawa a hankali ko mai datti, kuma irin siginar da doguwar waya daga tanki ke kawowa ke nan.

Kada ka zana da wani ayisi da niyyar musanya shi a kasuwa. 74HC00 da CD4011 duka ƙofofin NAND huɗu ne, duka ƙafa 14, amma jerin ƙafafun ya bambanta. A 74HC00 ƙofa ta biyu tana karɓa a 4 da 5 ta fitar a 6. A CD4011 da CD4093 tana karɓa a 5 da 6 ta fitar a 4. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. A wajensa ɗaya ne, tunda duka sayarwa zai yi.

3. Wuta da mas

A nan zan daɗe, don a nan aka fi faɗuwa.

Injin lissafin da ke cikin Proteus, da LTspice, da KiCad, duka zuriyar SPICE ne, wanda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili a 1973. Yadda yake aiki shi ne ya ɗauki wuri ɗaya a da'ira ya kira shi sifili, sannan ya auna kowane wuri daga nan. Wannan wurin shi ne mas. Idan ba ka sa alamar mas ba, ba shi da inda zai fara awo. Ƙafar batir ta ragi ba ta zama mas don kanta ba, sai ka ɗauko alamar GROUND ka manna mata. Wannan shi ne abu na farko da zan duba a duk zanen da ya ƙi tashi.

Na biyu shi ne ɓoyayyun ƙafafu. Idan ka ɗauko 4093 a Proteus za ka ga ƙofa da ƙafafu uku, ba za ka ga ƙafa ta 14 da ta 7 ba, wato ta wuta da ta mas. Manhajar ta ɓoye su, ta jona su da kanta: ta 14 ga layin da take kira VDD, ta 7 ga VSS. Kuma idan ba ka ce komai ba, ta ba VDD bolt 5. Illar wannan biyu ce. Ta farko, kana iya zana batir mai bolt 12 a gefe kana ganin shi ke ciyar da ayisi, alhali ayisin yana shan bolt 5 daga wani wurin da ba ka gani. Ta biyu, mai koyo da bai taɓa ganin waɗannan ƙafafu a zane ba yakan manta da su a kan allo, ya zauna yana mamakin abin da ya hana ayisi motsi.

Shiga Design, ka zaɓi Configure Power Rails. A nan za ka ga layukan wuta da ƙarfin kowanne. Mai da na VCC/VDD bolt 12 don wannan aikin, ka tabbata VSS yana tare da GND. Amma ka sani canjin ya shafi duk wani ayisi da ke rataye a wannan layi. In akwai 74HC ko ƙaramar ƙwaƙwalwa irin ta Arduino a zanen, sai ka ware musu nasu layin na bolt 5 ta hanyar 7805. Idan kuma ka sa alamar wuta da hannunka, rubuta sunanta da alamar tarawa, +12V, don manhajar ta gane ƙarfinta. In ka ba ta wani suna da ba ta sani ba, za ta ce maka No power supply specified, kuma gaskiyarta ne.

A littafinka, rubuta lambar ƙafar wuta da ta mas ta kowane ayisi da jan biro.

4. Haɗa wayoyi, ka ba kowa suna

Ga haɗin: ƙafa ta 1 ta tafi makunnin ƙasa, ta 6 ta tafi makunnin sama. Ƙafa ta 3 ta koma ta 5, ta 4 ta koma ta 2. Wannan komawar da kowace ƙofa ke yi cikin ƴar'uwarta ita ce ke sa da'irar tuna inda ta tsaya. Sannan ka ɗauko daga ƙafa ta 4 ka shiga 8 da 9 a haɗe, ka fita ta 10 zuwa famfo.

Za ka iya tambaya me ya hana a ɗauka daga ƙafa ta 3 kai tsaye, tunda ita ma tana hawa idan ana son famfo ya tashi. Koma jadawalinka. Idan makunnan biyu suka rufe tare, 3 da 4 duka suna hawa. Wanda ya ɗauka daga 3, famfonsa zai ci gaba da zuba. Wanda ya bi ta 4 ya juya ta da ƙofa ta uku, nasa zai tsaya. Ƙofar tana nan a cikin ayisin, ba ka ƙara ko dala ba.

Wayoyi biyu da suka gitta juna ba su haɗu ba sai ka ga ɗigo a mahaɗarsu. Waya da ta tsaya dab da ƙafa ba ta taɓa ta ba, a ido kamar ta haɗu. Ja abin gefe kaɗan: in wayar ta biyo shi, ta kama. Maimakon jan dogayen wayoyi suna ratsa zane, yi amfani da laƙabi. Duk wayoyin da ke da laƙabi ɗaya manhaja na ɗaukar su a haɗe, amma harafi ɗaya ya bambanta, sun rabu. Rubuta laƙabi da baƙaƙen da babu lanƙwasa, KASA da SAMA da FAMFO, domin ƙ da ɗ sukan rikita irin waɗannan manhajoji.

Duba sunaye. Ƙofofin huɗu su zama U1:A, U1:B, U1:C, U1:D. Idan ka ga U1:A da U2:A da U3:A, to ayisi uku ka sa, ba ɗaya ba. Kada a bar R? ko suna biyu iri ɗaya.

5. Kada ka bar ƙafar shiga a sake

Makunni idan ya rufe yana kai ƙafa ga mas, ta zama 0. Idan ya buɗe fa? Mai koyo yakan ce ai ta zama 1. Ba ta zama komai ba, tana lilo ne. Ƙafar shiga ta dangin 4000 da 74HC kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, don haka duk abin da ya gitta kusa da ita, hannunka ne ko wayar famfo, yana iya juya ta. Ayisin sai ya dinga rawa tsakanin 0 da 1, yana shan wuta yana zafi. A kwamfuta kuwa wani lokaci za ka ga alamar toka a ƙafar, wani lokaci manhajar ta zaɓar mata ƙima ta wuce abinta, kai kuma ka tafi da murna.

Magani rezista ce mai 10k daga ƙafa ta 1 zuwa layin wuta, da wata daga ƙafa ta 6 zuwa layin wuta. Makunni a buɗe, rezista ta ja ƙafar sama. Makunni a rufe, mas ya rinjaye ta.

Ƙofa ta huɗu ba mu yi aiki da ita ba. Duk da haka ka fito da ita a zane, ka kai 12 da 13 ga mas, ka bar 11 a sake. Ƙafar fita ce kaɗai ake bari haka. Kuma kada ka taɓa haɗa ƙafafun fita biyu wuri ɗaya, domin ranar da ɗaya ta ce 1 ɗaya ta ce 0, wuta ce ta haɗu da mas ta cikin ayisi.

6. Rubuta ƙima yadda manhaja ke karantawa

Mu da muka yi makaranta da Faransanci mun saba rubuta 4,7 da waƙafi. Waɗannan manhajoji ɗigo suka sani. Hanya mafi aminci ita ce ka rubuta 4k7, babu ɗigo babu waƙafi. Kada ka bar fili tsakanin lamba da harafi. Mikro ana rubuta shi da u, wato 10u. A LTspice harafin M yana nufin mili, ko babba ne ko ƙarami, don haka mai son rezistar om miliyan ɗaya sai ya rubuta 1Meg. In ya rubuta 1M, ya sa guntun waya ne kawai. Proteus kuma yana bambanta babban M da ƙaramin m. Duk abin da ka ɗauko daga taska yana zuwa da wata ƙima da ba kai ka zaɓa ba. Bi su ɗaya bayan ɗaya.

7. Faɗa wa da'ira inda za ta fara

Ka ɗauka an jona batir ruwa yana tsakiyar tanki, makunnai duka a buɗe. Da'irar za ta tuna me, tunda ba ta yi komai ba tukuna? A zahiri, ƙofar da ta riga ƴar'uwarta da ƙiftawar ido ita ke cin nasara, kuma ba ka san wacce ba ce. A Logisim wayoyin sukan yi ja ko shuɗi. A Proteus kana iya ganin toka, ko kuma ya faɗa gefe ɗaya kullum, ka ɗauka haka zai kasance a kan allo.

Sa kafasita mai 10u daga ƙafa ta 6 zuwa mas. Idan wuta ta zo, kafasitar tana cika ta cikin rezistar 10k, kuma 10k sau 10u ya ba da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci ƙafa ta 6 tana ƙasa, da'ira ta fara da famfo a kashe. Ƙara rezista mai om 100 a jere da makunnin sama, don kada kafasitar ta juye wutarta gaba ɗaya a kan ƴan haƙoransa ta cinye su.

Sai dai akwai tarko. Kafin gwaji ya fara, injin SPICE yakan lissafa yadda da'ira za ta kasance bayan komai ya lafa, ya fara daga nan, wato da kafasita a cike. Dabararka ba za ta bayyana ba, ka zaci ba ta aiki. A Proteus buɗe bayanan kafasitar ka rubuta PRECHARGE=0, sai ta fara a wofi kamar yadda take a zahiri. Logisim ba shi da kafasita sam, wannan mataki ya fi ƙarfinsa.

8. Ɓangaren da ke ɗaukar nauyi

Ƙafa ta 10 ba ta iya jan rile da kanta, ƴan miliamfa kaɗan take bayarwa. Ƙaramin rile na bolt 12 da aka saba samu naɗinsa yana kusan om 400, yana jan miliamfa 30. Sa tiranzista BC547 a tsakani, da rezistar 4k7 daga ƙafa ta 10 zuwa ƙafarsa ta tsakiya. Buɗe bayanan rilen da ke cikin manhaja ka daidaita bolt ɗinsa da om ɗinsa da wanda za ka saya. Rile na bolt 12 a kan layin bolt 5 ba zai taɓa motsi ba, kuma wannan shi ne rabin labarin masu cewa fitila ta ƙi kamawa.

Sa diyod 1N4007 a gicciye da naɗin rile, zobensa yana kallon layin wuta. Naɗi idan aka yanke masa wuta yakan mayar da wani bugu mai ƙarfi da ke huda tiranzista. A kwamfuta, tiranzista ba ya mutuwa, za ka kunna ka kashe sau dubu ba diyod komai lafiya. A kan allo ba zai daɗe ba.

9. Gwada bisa tsari

Kafin ka danna farawa, gudanar da Electrical Rules Check ka karanta abin da ya faɗa. Sannan gwada ɓangare ɓangare. Fara da ƙofofin kaɗai: sa LOGICSTATE a ƙafa ta 1 da ta 6, LOGICPROBE a ta 10, ka bi jadawalinka layi layi. Bi shi yadda ruwa ke tafiya: tanki a wofi, ruwa ya hau tsakiya, ya cika, ya sauko tsakiya, ya ƙare. Tsakiyar hawa da tsakiyar sauka shigarsu ɗaya ce, amma dole fitarsu ta bambanta. In ba su bambanta ba, duba wayoyin 3 zuwa 5 da 4 zuwa 2. Sai wannan ya tabbata za ka mayar da makunnai da rezistoci da kafasita, sannan rile.

Koyi launuka. A Proteus ƴan murabba'an da ke gefen ƙafafu: ja 1 ne, shuɗi 0, toka ƙafa a sake ko ba a san matsayinta ba, rawaya kuma fito-na-fito ne tsakanin fita biyu ko gajeriyar hanya. A Logisim kore mai haske 1 ne, kore mai duhu 0, shuɗi a sake, ja kuskure. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan, ja zai yaudare shi.

Bayan haka ka zama maƙiyin zanenka. Rufe makunnan biyu tare. Sauke wuta zuwa bolt 11 ka ga ko rile na kamawa, ka ɗaga ta zuwa 14.4. Goge wayar da ke zuwa makunnin sama, kamar akuya ta tauna ta ko rana ta cinye ta. Za ka ga famfo ya tashi bai ƙara tsayawa ba, domin a wajen ayisi waya da ta tsinke da makunni a buɗe duk ɗaya ne. Wannan rauni ne na gaske a zanen nan. Mai son rufe shi sai ya juya tsarin makunnin sama, ya zama a rufe yake kullum yana kawo wuta, ya buɗe idan tanki ya cika, da rezista mai jan ƙafar ƙasa. A haka tsinkewar waya kashe famfo take yi. Ka zana wannan da kanka a fayil na biyu, ka sake duba inda kafasitar farawa za ta zauna.

Idan ka ga saƙon cewa gwaji ba ya tafiya daidai da lokaci saboda nauyi ya yi wa kwamfuta yawa, ba kuskuren haɗi ba ne. Kayan da ba na lissafi ba ne suka yi yawa. Misali, idan agogo kake buƙata don ƙirga, kada ka gina shi da 555 tun farko, sa DCLOCK ka rubuta saurin da kake so, ka gwada 555 ɗin daban. Timestep too small kuwa yawanci yana nuna wani wuri da ba shi da hanyar zuwa mas, ko naɗi da ake yanke wa wuta babu diyod, ko ƙimar da aka rubuta ba daidai ba.

Adana aiki da sabon suna duk sanda wani ɓangare ya yi daidai.

10. Ƙara abin da kwamfuta ba ta nema

Akwai kayan da gwaji zai tafi lafiya ko babu su, amma allo ba zai yi ba. Sa su a zane tun yanzu don kada a manta. Kafasita mai 100n tsakanin ƙafa ta 14 da ta 7, a liƙa ta dab da ayisi, ita ke shanye girgizar wuta idan rile ya kama. Fiyus a bakin batir. Diyod a hanyar shigar wuta, saboda ranar da wani zai juya wayoyin batir. Soket na ayisi, don in ya mutu a zare shi ba sai an narka dalma ba.

Kwamfuta ba ta san zafin watan Afrilu da Mayu a nan Adar ba, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ke rana. Ba ta san bushewar iskar hunturu ba, wadda ke sa jikin mutum ya tara wutar da ke kashe dangin 4000 da taɓawa ɗaya, don haka ka taɓa ƙarfen da ke ƙasa kafin ka ɗauki ayisi. Idan ka yi amfani da 7805, lissafa zafinsa da hannu: bolt 14 a shiga, 5 a fita, miliamfa 100, kusan wat ɗaya ke nan yake zubarwa, yana buƙatar ƙarfen sanyaya.

Magana ta ƙarshe ta shafi rai. Kada ka sa ƙaramin rilen nan ya yanke wutar da ke fitowa daga jerin farantan sola kai tsaye. Wutar sola ba ta juyawa kamar ta NIGELEC, idan aka yanke ta takan ja tartsatsi mai tsawo da ke narka haƙoran rile ya tada gobara. Yawancin akwatunan da ke tafiyar da famfon sola suna da ƙananan mahaɗai biyu da aka tanada don makunnin tanki, nan za ka kai wayoyin rile, bayan ka karanta littafin akwatin ka ga ko rufewa ke tsayar da famfo ko buɗewa. In famfon na bolt 220 ne, rile ya ja babban makunnin da aka yi don inji, kuma wanda ya san aikin wutar gida ya yi wannan haɗin. Kai dai ka fara da allon gwaji da ƴar fitila a madadin famfo, ka sake bin jadawalin nan layi layi da multimita a hannu, kafin ka hau tanki.